ƘULLI DA WARWARA: ABIN DA MARUBUTA ZA SU KOYA DAGA LITTAFIN SHAIHU UMAR

Duk wanda ya taɓa ɗaukar alƙalami da niyyar rubuta ƙagaggen labari ya sani fara shi ba wuya. Shafi goma na farko su kan zubo kamar ruwan Agusta. Sai an kai tsakiya, an tara mutane, an haɗa su husuma, an raba masoya, an jefa tauraron labari cikin halaka, sa'an nan marubuci ya kan ajiye alƙalami ya yi tagumi, domin ya ƙulla abin da shi kansa bai san yadda zai warware ba. A daidai wannan wuri ne littattafai da yawa su ke mutuwa a ƙasan akwati.

Waɗansu marubutan kuwa, da sun ga hanya ta toshe, sai su nemi ta ɓarauniya. Nan da nan sai a yi haɗarin mota, mugu ya mutu, kowa ya huta. Ko kuwa a wayi gari ashe yarinyar nan matalauciya 'yar attajiri ce da aka musanya ran haihuwa. Ko aljani ya faɗo daga sama ya raba gardama. Mafi muni duka, a shafin ƙarshe a ce wai duk abin da aka karanta mafarki ne. Mai karatu ya ba da kuɗinsa, ya hana idonsa barci, daga ƙarshe ya rufe littafi yana jin an yi masa sakiyar da ba ruwa. Irin wannan mai karatu da wuya ya sake sayen littafin marubucin nan, kuma in abin ya yawaita, adabin ne gaba ɗaya zai yi asarar mutuncinsa.

Wannan matsala ta girmi marubutan yau. Ta tari magabatansu tun ranar da aka fara rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka yi kokawa da ita har suka yi rinjaye mutumin Bauchi ne.

MALAMIN MIDIL DA GASAR 1933

A cikin shekarar 1933 Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarai na ƙirƙira, domin yaran makaranta da sauran waɗanda suka iya boko su sami abin karantawa cikin harshensu. Aikin bai zo masa da sauƙi ba. A wancan zamani rubutu na addini ne da waƙa da tarihi, ƙagaggen labari kuwa ana ɗaukarsa tatsuniya, watau abin hirar mata da yara da dare, wanda bai kamaci malami mai mutunci ba. Duk da haka littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin, da kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Malam Abubakar, wanda aka haifa a 1912, a shekarar ce ya gama Kwalejin Katsina ya komo gida ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ba shi da wani littafin Hausa irin wannan a gabansa da zai dubi yadda aka gina shi. Abin da ya gada shi ne tatsuniya, wadda a kan gama ta kafin wuta ta mutu a murhu, da labaran mayaƙa da fatake da a ke bayarwa a zaure. To, yaya za a yi a ɗauki labari guda a ja shi shafi bayan shafi, daga ƙuruciyar mutum har tsufansa, daga ƙasar Hausa har ƙetaren hamada, bai tsinke ba, mai karatu kuma bai gaji ba? Amsar da ya bayar ita ce darasinmu.

YA FAƊI ƘARSHEN TUN DA FARI

Abu na farko da ya yi, wanda marubuta da yawa a yau za su ji tsoron yi, shi ne ya tona ƙarshen labarinsa a shafin farko. Littafin ya buɗe ne a Rauta, wani ɗan gari kusa da birnin Bauchi, inda Shaihu Umar ya ke zaune, dattijo, malami mai almajirai daga ko'ina. Wata rana almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya shiga ba su labari. Watau tun kafin a sace yaro Umar, mun riga mun san bai mutu ba. Tun kafin ya shiga hamada, mun san ya fito.

Mai gaggawa zai ce ai an ɓata labari ke nan. Amma a duba abin da marubucin ya samu. Ya sauke wa kansa nauyin ɓoye-ɓoye, ya kuma sauya tambayar da ke zuciyar mai karatu. Maimakon a riƙa tambaya ko yaron zai rayu, sai a koma tambayar ta yaya maraya, wanda aka sace, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, ya zama wannan babban malami. Tambaya ta farko da an amsa ta shi ke nan, ba mai komawa. Ta biyun ita ce ke sa a karanta littafi sau uku, a kuma ji daɗinsa kowane karo. Har wa yau, da ya ke marubucin ya san inda za shi, bai yi ta yawo a daji ba. Matafiyin da ya san zangonsa ko ya ratse zai komo hanya.

KOWANE ƘULLI DA SABABINSA

Abu na biyu shi ne yadda masifun cikin littafin su ke haifar juna. Mahaifin Umar ya rasu tun ba a haife shi ba, uwarsa ta auri Makau, wani bafaden Sarkin Kagara wanda sarki ke ji da shi. Wannan fifiko ya jawo masa hassadar sauran fadawa. Da aka komo daga wani hari, suka yi masa sharri wai ya ɓoye waɗansu daga cikin bayin da ya kamo. Sabo da wannan sharri sarki ya kore shi daga gari, ya tafi neman wurin zama har ya sauka Maƙarfi. Sabo da zaman gida ya watse, uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaro a hannun amana. Sabo da ba ta nan, ɓarawo ya sami hanya ya sace shi. Sabo da an sace shi, ta bazama nemansa, neman nan kuwa shi ya jefa ita kanta cikin bauta.

A lura da kalmar da ta yi ta maimaituwa a nan: sabo da. Labarin Hausa bisa al'ada a kan kalmar "sai" ya ke tafiya. Sai Gizo ya tashi, sai ya gamu da kura, sai ya ruga. Wannan ya wadatar a tatsuniya, domin gajeruwa ce kuma kowa ya san halin Gizo. Amma dogon labari in an gina shi a kan "sai" kaɗai, jerin aukuwa ne kawai, kamar kayan koli a kan tabarma, kowane yana zaman kansa. Ga wani gwaji mai sauƙi da kowane marubuci zai iya yi a ɗakinsa: ya rubuta manyan aukuwar labarinsa a takarda guda, layi bisa layi, sa'an nan ya gwada sa "sabo da haka" ko "amma" a tsakanin kowane layi da mai bi masa. Duk inda kalmomin nan suka ƙi zama, sai "sai" kaɗai ta shiga, to, nan zaren ya ke da rauni, nan ne kuma zai tsinke in an ja.

A Shaihu Umar, in ka zare hassadar fadawan Kagara, littafin duka ya rushe. Ƙarya guda da aka yi a fada ita ce ta kai yaro da uwarsa bakin Bahar Rum. Ta wannan hanya ce marubucin ya nuna muguntar cinikin bayi ba tare da ya tsaya yana dogon wa'azi ba. Tsarin labarin da kansa ya yi wa'azin.

ZARE BIYU, MAHAƊA GUDA

Abu na uku shi ne raba labarin gida biyu. Ga zaren ɗa: a Kano ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi zuwa garin da littafin ya kira Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Ga kuma zaren uwa: 'ya mai 'yanci ta fita neman ɗanta, ta ƙare a baiwa, ana miƙa ta daga hannu zuwa hannu har Tarabulus. Ɗa yana hawa, uwa tana gangarawa, dukansu kuwa arewa suka nufa bisa hanyar fatake guda. Mai karatu yana ganin su biyun, su ba sa ganin juna, sai zuciyarsa ta riƙa bugawa yana jiran ranar gamo.

Ranar ta zo a Tarabulus. A nan ne marubucin ya yi juyin da ya fi kowane ƙarfi a littafin, domin bayan ɗa da uwa sun gane juna, ba ta daɗe ba ta rasu. Da mai neman faranta rai ne, da ya komo da ita gida bisa raƙumi, a yi kiɗa a yi buki. Malam Abubakar ya ƙi. Mutuwar ta girgiza mai karatu, amma in ya waiwaya sai ya ga ba yadda za a yi ta zama wani abu dabam: mace ce da shekarun wahala da bauta suka cinye, abin da ya riƙe ranta kawai begen ganin ɗanta, ta kuwa gan shi. Wannan shi ne ma'aunin kyakkyawan juyi. Kafin ya zo ba a zata ba, bayan ya zo kuma a ce lalle haka ya kamata.

Masana na wasu ƙasashe sun daɗe da lura da wannan. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Aristotal na ƙasar Girka ya yi bayani cewa juyin hali da gane juna su ne ƙashin bayan wasan ban tausayi, kuma mafi kyawunsu shi ne wanda ya fito daga cikin aukuwar labarin kanta. Anton Chekhov, marubucin Rasha wanda ya rasu a 1904, an san shi da shawarar cewa bindigar da aka rataye a bango a farkon wasa wajibi ne a harba ta kafin a tashi. Shawarar tana aiki ta baya ma: bindigar da za a harba a ƙarshe, a tabbata an rataye ta tun farko inda kowa ya gani. Bahaushe ya taƙaita zancen da ya ce abin da ka shuka shi za ka girba.

INDA KURA TA SHIGO

Ba a ce littafin ba shi da inda za a taɓa ba. Lokacin da ɓarawo ya shiga daji da yaro Umar, kura ce ta zo ta cinye ɓarawon, yaron ya tsira. Can gaba kuma, a hanyar komowa, guguwar rairayi ta binne ayari, Umar ya kuɓuta. Mai nazari yana da ikon ya ce a wuraren nan biyu marubucin ya sa hannu ya tsamo tauraronsa, domin ba wani abin da Umar ya yi, ko wani ya yi, da ya jawo kurar ko guguwar.

Amma ko a nan akwai abin lura. Kura ba ta mai da yaron gida ba, ta dai fid da shi daga wani hannu, ƙaddara ta miƙa shi ga wani, tafiyarsa ta ƙara nisa. Guguwa kuwa ta raba shi da ubangidan da ya rene shi, ta bar shi shi kaɗai. Katari iri biyu ne a labari. Akwai wanda ke ƙara wa tauraro nauyi, wannan mai karatu ya kan karɓe shi ba gardama, don ya san duniya haka ta ke. Akwai kuma wanda ke sauke masa nauyin duka a lokacin da marubuci ya rasa dabara, wannan shi ne mai karatu ba ya yafewa. Bugu da ƙari, kura a dajin ƙasar Hausa da guguwa a hamada ba baƙi ba ne, duk mai bin hanyoyin nan a wancan zamani ya san da su. Haɗarin da ke cikin ƙasar labari tun asali ya bambanta da wanda aka aro daga waje ran da aka matsu.

Sau da yawa in an yi wa marubuci wannan magana sai ya ce ai ƙaddara ce, Allah kuwa yana yin abin da ya so. Wannan gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai ko a rayuwa ƙaddara da sababi ta kan zo, kuma aikin mai ba da labari shi ne ya nuna sababin. Wanda ya fake da ƙaddara don ya huta da tunani, ragwancinsa ya ke rufewa da babbar riga.

CARBI DA IGIYA

In an ajiye Shaihu Umar kusa da 'yan'uwansa na wannan zamani, sai a ga hanyar gini ba guda ba ce. Ruwan Bagaja tsarin carbi gare shi. Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana bin gari gari, yana gamuwa da Malam Zurƙe suna yi wa juna keta. Kowace aukuwa ƙwaya ce mai zaman kanta, da za a musanya wa waɗansu wuri da labarin bai lalace ba. Abin da ya riƙe su shi ne zare biyu: neman ruwan, da ramuwar gayya tsakanin mutanen nan biyu. Wannan tsari ya dace da labarin raha da yawon duniya, Abubakar Imam kuwa gwaninsa ne. Ya sake nuna haka a Magana Jari Ce, inda aku ke jero labarai don ya tsare ɗan sarki Musa kada ya fita ya faɗa tarkon waziri.

Jiki Magayi kuwa tsarin igiya gare shi, kamar Shaihu Umar. Attajiri Malam Shehu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu da ƙarfin dukiya, Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, yaron ya tashi ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Juyi ne mai tsanani, amma tun ranar da aka ɗaura auren nan aka shuka shi.

Kowane tsari da wurinsa. Inda a ke samun matsala shi ne marubuci ya fara da igiya, ya yi wa mai karatu alkawarin ƙulli mai ƙarfi, sa'an nan a tsakiya ya koma zuba ƙwayoyin carbi don littafi ya yi kauri.

HALIN DA A KE CIKI YAU

Tun daga shekarun 1980, lokacin da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, aka saba fitar da littafi kashi kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, ana yanke kowane a daidai inda rai ya ke a rataye don a sayi na gaba. Yanzu kuma marubuta da yawa, musamman mata da matasa, a waya su ke rubutu, suna sakin labari babi babi ta WhatsApp da Wattpad. Wannan ya buɗe ƙofa ga dubban masu basira da a dā ba su da hanyar ɗab'i, abin farin ciki ne. Amma yana da tarko. Wanda ya saki babi na biyar ga jama'a ba shi da damar komawa babi na ɗaya ya rataye bindigar da ya manta. Kuma da ya ke kowane babi ana so ya ƙare da abin mamaki, sai juyi ya yi ta hawa kan juyi, har mamaki ya zama ruwan dare, ba mai jin komai. Gishiri in ya yi yawa miya ta ɓaci.

Maganin ba sabo ba ne. Marubuci ya san ƙarshen labarinsa kafin ya saki farkonsa, ko da a layi uku ne. Ya san abin da kowane babban mutum a labarin ya ke so, da abin da ya tare masa hanya, domin juyi na gaskiya daga halin mutane ya ke fitowa: mai hassada ya yi hassada, uwa ta yi abin da uwa za ta yi. In ya tsara wani abin mamaki a ƙarshe, ya koma baya ya binne alamunsa wuri biyu ko uku, a fili amma ba da kururuwa ba. Ya ƙidaya mutanen da ya shigo da su, duk wanda za a cire labari bai ji ba, a sallame shi. Sa'an nan ya sami wani mai gaskiya ya karanta masa rabin labarin da baki, ya tsaya, ya tambaye shi me ya ke zato zai faru. In ya faɗi daidai ba wuya, ƙullin ya yi sako-sako. In kuwa bayan an gaya masa ƙarshen ya ce ina wannan ya fito, to, ba a yi shuka ba. Abin nema yana tsakanin biyun.

Malam Abubakar bai sake fitar da wani ƙagaggen labari ba. Siyasa ta ɗauke shi, ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, aka kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966, kabarinsa yana nan cikin birnin Bauchi jama'a na ziyarta. Amma ɗan littafin nan na ƙuruciyarsa bai tsaya ba. Mervyn Hiskett ya fassara shi da Turanci a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, wanda aka gyara aka sake nunawa a bukin finafinai na Balin a ƙasar Jamus a 2018. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan an sauya harshe ko an sauya kama, kalmomin marubucin na asali da yawa sun zube a hanya. Abin da ya ƙetare duka bai karye ba shi ne ginin labarin: ƙarya a fadar Kagara, ɗa da uwa a hanyar hamada, da dattijo a Rauta yana amsa tambayar almajiransa. Marubucin da ke fama da ƙullin labarinsa a yau, ya nemi littafin ya sake karantawa da fensir a hannu. Allah ya ji ƙan magabata, ya ƙara wa na baya basira.